Yadda za ku kafa layin adaidaita a sabuwar unguwa tun kafin gudron ya iso

Shekara 22 na yi ina bin masu auna filaye a Maradi da kewayenta. Ni ne mai riƙe sanda a tsakiyar rana, ni ne mai haƙa rami a dasa born, guntun simintin nan da ke nuna iyakar filin kowa. Unguwanni da yawa na bakin gari na san su tun suna gonakin hatsi da gyaɗa. Da Allah ya hore mini nawa kangon a gabashin gari, na gina, muka tare, sai na fara ɗanɗanar abin da hannuna ya taya aka dasa. Gida ga faɗi ga iska, amma babu lakkwal kusa, babu kasuwa, babu likita. Ko allura kake so, sai ka hau wani abu.

Wata rana bayan isha'i maiɗakina ta ce, "Malam, ka taɓa lissafa abin da muke ba ƴan kabu-kabu a wata?" Muka zauna a tabarma da hasken waya muka lissafa. Yara uku zuwa lakkwal da dawowa, ita zuwa Babbar Kasuwa ranakun Litinin da Juma'a, Inna zuwa awon hawan jini. Abin ya zo kusa da kuɗin hatsin da muke ci a watan. Tun daga daren nan na sa kaina cikin maganar sufurin unguwarmu. Yau muna da layin adaidaita mai tashi a kan lokaci, kuma yadda muka yi ne zan zayyana, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Ba a kanmu aka fara wannan ciwo ba. Birnin Los Anjalas na Amurka ya taɓa mallakar jajayen jiragen ƙasa na lantarki masu yawo cikin gari da kewayensa, dogonsu ya haura kilomita 1,500. A 1961 aka rufe layi na ƙarshe na jajayen jiragen nan. Kafin nan, a 1956, Amurka ta yi dokar shimfiɗa manyan hanyoyin mota na mil 41,000. Gidaje suka watsu nesa, doka ta raba wurin kwana da wurin sana'a, har ta kai sayen burodi ma sai an tada mota. Wanda ba ya tuƙi, yaro ne ko tsoho ko talaka, ya zama kamar ɗaurarre a gidansa. Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Duk wanda ya je Abuja, wadda gwamnatin Najeriya ta koma cikinta a 1991, ya ga tituna masu faɗin filin idi, ya kuma ga ƙananan ma'aikata suna kwana Nyanya da Mararaba da Kubwa, suna shan cunkoso safe da yamma.

Mu a nan masu mota ba su da yawa, amma moto ta hau kujerar motar. Tsohuwar Maradi ba haka take ba. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, da aka tada gari daga fadama aka hau da shi tudu, an ja tituna a miƙe, kuma mutumin Bagalam ko Yandaka ko Mokoyo da ƙafarsa yake zuwa fada, ya je kasuwa, ya je masallacin Juma'a. A ƙidayar 2012 mutanen birnin sun haura 267,000, yau kuwa sai dai a ce masha Allah. Gari ya miƙe, ƙafa ta daina isa. Mun gane hatsarin haka a 2023, lokacin da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu. Man kwalba na bakin hanya ya yi tsalle, kuɗin kabu-kabu ya bi shi, sai ga yara suna fashin lakkwal ba don ciwo ba.

Ku fara da ƙirga mutane

Kada ku je wurin kowa da baki kawai. Ku samu mutum huɗu masu haƙuri, kowa da kaye da biro. Ku tsaya inda babbar hanyar unguwa ta haɗu da gudron, domin duk mai fita ta nan yake bi. Daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 9 na safe, sai lokacin tashin ƴan lakkwal da rana, sai daga la'asar zuwa magariba. Ku yi kwana uku: Litinin da Juma'a saboda kasuwa, da Laraba domin ku ga ranar da babu hidima. A ja layi a takarda gida-gida: mai ƙafa, mai keke, fasinjan kabu-kabu, mai moton kansa, adaidaita, mota, amalanke. Mutane za ku ƙirga, ba ƙarfe ba. Moto ɗaya mai ɗauke da uba da yara uku, huɗu za a rubuta.

Ranar farko na zauna a kan bulo a gindin wani bedi. Na ga ƴan mata da farantan talla, na ga dattijo yana jan akuya, na ga ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo biyu-biyu a kan moto ɗaya. Amma wadda ta tsaya mini a rai wata mata ce da goyo da kwanon abinci a hannu, da alama jinya za ta kai. Kabu-kabu bakwai suka tsaya mata, tana girgiza kai. Adaidaita take jira, ba ta iya hawan moto da goyo da kwano. Na duba agogo, ta fi minti 25 a tsaye kafin wani ya zo, shi ma ya ce sai dai ta ɗauki shata. Ta kwance bakin zane ta ƙirga kuɗinta, ta mayar ta ɗaure, ta kama hanya da ƙafa. A kayena na wannan safiyar, mai motar kansa bai kai ɗaya cikin 20 ba.

Ƙirgar bakin hanya tana da makanta guda: ba ta ganin wanda ya fasa fita. Don haka ku nemi mata biyu ko uku da ake ganin girmansu su shiga gida-gida da tambaya uku. Ina da ina kike zuwa a mako? Nawa kike kashewa? Ina ne kike so ki je amma abin hawa ya hana? Ta ukun nan ita ce ta buɗe mana ido. Awon ciki da aka tsallake, rigakafin yara da aka jinkirta, makarantar dare da aka bari, gaisuwar mutuwa a Sabon Gari da ba a je ba har aka yi fushi. Waɗannan su ne fasinjojin layinku na gobe, kuma babu direban da ya san da su.

Ku nemo pilan na unguwa

Kowace unguwar da aka raba bisa ƙa'ida tana da taswirar rabon filaye a sashen filaye na meri. Ku roƙi kwafi, mai unguwa ya sa baki. Abu biyu za ku duba. Na farko faɗin tituna: za ku ga ƙananan layuka da kuma ɗaya ko biyu masu faɗi, su ne aka tanada domin su zama jijiyar unguwa. Ku ɗauki igiyar awo ku je ku gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa. Sau tari za ku tarar wani ya turo katanga, wani ya haƙa shadda a waje, wani ya kafa shago, titin mita 20 ya koma 13. Tun yanzu ake maganar, da lalama, a gaban mai unguwa, kafin a zuba dal a sama.

Na biyu, filayen da aka ware wa jama'a: na lakkwal, na likita, na kasuwa, na wasan yara. A nan nake so ku buɗe kunne, domin aikina ne na sani. Babu adaidaitar da ta kai makarantar da yaro zai isa da ƙafarsa cikin minti 10. Duk lakkwal ɗin da aka gina cikin unguwa ta kashe ɗaruruwan tafiye-tafiye a kowace rana ba tare da an ƙona ko cokali ɗaya na mai ba. Mu muna da irin filayen nan guda uku. Ɗaya mun wayi gari mun ga an jibge yashi da bulo, an yanka shi gida-gida. Na san inda born ɗinsa huɗu suke, domin ni na dasa su, amma kafin mu farga takardu sun riga sun canza hannu sau biyu. Har yau in na bi ta wurin zuciyata takan yi nauyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma fili in yana kwance babu kowa a kansa, tsagaggen bango ne. Sauran biyun ba mu bar su haka ba. Ɗaya mun nemi izini aka kafa azuzuwan zana uku, ɗayan mata suka kafa rumfunan kayan miya, samari suka dasa ragar ƙwallo a gefe, muka kewaye shi da bedi.

Yadda ake jan layin

Ga kuskurenmu na farko. Mun tara jama'a a ƙofar mai unguwa muka ce kowa ya faɗi inda yake so adaidaita ta bi. Kowa ya ce ƙofar gidansa. Don kada a ɓata wa kowa, muka ja layi mai lanƙwasa kamar hanjin rago: ya shiga nan, ya fita can, ya zaga bayan masallaci, ya dawo. Tafiyar minti 20 ta koma 45, mashin biyu suka kafe a rairayi, cikin kwana 12 direbobi suka watse. Wani daga cikinsu, yaro ne sa'an ɗana, ya same ni ya ce, "Baba, wallahi ba ƙin ku muka yi ba. Mai ne ke ƙarewa a lungu, fasinja kuma yana sauka ya hau moto don ya gaji." Gaskiya ya faɗa.

Layi ɗaya za ku ja, a miƙe, bisa titi mafi faɗi kuma mafi taurin ƙasa. Mutum zai yarda ya taka minti biyar in ya tabbata abin hawa na zuwa. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne jiran gawon shanu. Ƙarshen layin ya zama wurin da ke jan mutane kullum. Namu yana ƙarewa ne kusa da Babbar Kasuwa, kuma mun karkata shi kaɗan sau ɗaya tak domin ya wuce ta bakin likita.

Wurin tsayawa kuwa, a bar tazarar kamar mita 400 tsakani, wato taku 550 zuwa 600 na babban mutum. Kada ku ƙirƙiro sabon wuri in akwai wanda mutane suka saba taruwa: bakin famfo, injin niƙa, teburin mai shayi, ƙofar masallaci. Mu tsohuwar taya muka binne rabi muka shafa mata farin fenti, muka ajiye benci. Inuwa ba kwalliya ba ce a garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Inda babu itace, a kafa rumfar zana yau, a dasa bedi a gefenta, a ɗora wa wani gida na kusa alhakin ban ruwa da kare shi daga awaki. Ku kuma bi layin da ƙafa bayan an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ku ga inda ruwa ke kwanciya da inda yake cin ƙasa. Hanyar da ta yi kyau da rani tana iya zama kwazazzabo da damina.

Lissafin mashin nawa ake bukata ba shi da wuya. Layinmu kilomita 6 ne, zuwa minti 20, dawowa 20, hutu da lodi 10, jimla 50. Muna so kowane minti 10 ɗaya ta tashi, don haka 50 a raba 10, adaidaita 5 ke nan, da ta shida a ajiye don ranar da wata ta lalace. Da tsakar rana, in mutane sun ragu, mukan koma kowane minti 20. Ku auna naku da agogo, a kan adaidaita ba a kan moto ba.

Zama da direbobi

Nan ne aikin yake tsayawa ko ya faɗi. Yawancin direbobin ba su ne masu mashin ba. Kowace yamma akwai kuɗin da za su kai wa mai shi, ga mai, ga gyara, sannan abin da ya rage shi ne tuwon gidansu. In kun zo musu da wa'azin taimakon jama'a za su ce to, gobe ba za ku gan su ba. Ku zo da lissafi. Mu mun sa dala 30 kowane fasinja, ɗan lakkwal mai yunifom dala 20, buhu ana biya masa kamar mutum. Baya mutum uku take ɗauka, amma da yake wasu na sauka wasu na hawa a hanya, tafiya ɗaya takan ba da kuɗin mutum biyar. Muka nuna musu a takarda cewa zagaye 10 a haka ya fi yawon neman shata da tanki yana ƙonewa a banza. Ku kuma je wurin shugabannin sandikarsu tun farko, ku gaishe su yadda ya kamata. Layin da aka kafa a bayan idonsu ba ya daɗewa.

Babbar rigimar ita ce al'adar tasha: ba a tashi sai an cika. In aka bi wannan, layi ya mutu, domin matar da ke tsaye a tasha ta huɗu ba ta san ko minti biyar za ta jira ko awa ɗaya ba. Dole mashin ya tashi a kan lokaci ko da mutum ɗaya ne a ciki. Amma wa zai ɗauki asarar? Manyan birane sun sha wannan tambayar. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, kafin a buɗe layin manyan bas na TransMilenio a 2000, direbobi tsere suke yi a titi suna ƙwace fasinja, saboda kuɗinsu a kan kai yake. Kuritiba ta Barazil, wadda ta fara ware wa bas hanyarsa tun 1974 zamanin magajin gari Jaime Lerner, ta koma biyan kamfanonin bas gwargwadon kilomitar da suka yi, ba yawan kan da suka ɗauka ba. Mu ba mu da baitulmali, amma muna da adashi. Gida 60 suka yarda da dala 100 a wata na tsawon wata uku, jika 30 ke nan kowane wata. Duk direban da ya tashi a kan lokaci da ƙasa da fasinja biyu, ana rubuta masa dala 60, a biya shi ranar Alhamis. Mai shayin bakin tasha shi ke riƙe da agogo da kaye, muna ba shi ɗan abin goro. Wata na farko asusun ya ƙare ƙaf. Na biyu ya yi saura. A na uku mutane sun saba, suna fitowa domin sun san tana zuwa, muka daina karɓa.

Kuɗin nan kada ya kwana hannun mutum ɗaya. Namu wata Hajiya mai adashin mata ce ke ajiyewa, limamin unguwa da wani malamin lakkwal suna duba kaye, ana karanta lissafi a fili bayan sallar la'asar ta Juma'ar ƙarshen wata.

Ƴan kabu-kabu ƴaƴanmu ne, kada ku mai da su abokan gaba. Da suka ji labarin layi, fuskokinsu sun canza, kuma suna da hujja. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013, labarin bai ɓace musu ba. Na kira manyansu gida na, aka dama fura, na ce, "Samari, babu mai korar ku. Layi titi ɗaya yake bi, lunguna duka naku ne." Muka ba su gefen kowace tasha su riƙa tsayawa, wanda ya sauko da kaya ko gidansa ke nesa su ƙarasa da shi. Mai sauri har yanzu su yake hawa. Sannan muka tsara kwanan dare: kowane dare adaidaita ɗaya da moto ɗaya suna cikin shiri, lambobinsu na rubuce a allo a ƙofar mai unguwa. Naƙuda ba ta duba agogo, kuma wannan tsarin kaɗai ya sa gidajen da suka ƙi biyan adashi da farko suka kawo nasu.

Zuwa meri, da abin da za ku roƙa

Maradi gunduma uku ce, ku san wadda unguwarku take ciki. Ko zaɓaɓɓen magajin gari ne a kujera ko kantoma, ma'aikatan sashen hanyoyi su ne dai suke nan, da su za ku saba. Ku rubuta takarda shafi ɗaya, mai unguwa ya sa hannu, ku haɗa da kwafin ƙirgarku da pilan da aka ja layin da jan biro. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku je mutum uku ko huɗu, cikinku har da mace, kada ku je da gayya. Mai unguwarmu ne ya buɗe magana, "Ranka ya daɗe, ba kuka muka kawo ba, aiki muka fara, muna neman a sa mana albarka." Daga nan ya tura kayen gaban jami'in. Na ga yadda mutumin ya gyara zama da ya ga lambobi.

Kada roƙonku na farko ya zama gudron. Kowace unguwa shi take roƙo, kuɗinsa kuma ba na yau ba ne. Ku roƙi abin da za a iya sa wa hannu a wannan makon: izinin wuraren tsayawa, wurin juyawa kusa da kasuwa, tifa kaɗan ta jar ƙasa a wuraren da mashin ke kafewa, fitila mai aiki da hasken rana a tashoshi biyu ko uku da mata ke jira da asuba.

Amma gudron zai zo wata rana, kamar yadda aikin Maradi Kolliya ya kawo tituna da fitilu lokacin bikin 18 ga Disamba na 2015. In ya tashi zuwa, zanensa a ofis ake gamawa tun kafin ku ga katafila, don haka bukatunku su riga shi shiga fayil. Ku rubuta su ƙarara: wurin tafiyar ƙafa a gefe biyu, mai tsayi kaɗan sama da titi, faɗinsa ya ishi mace da goyo da yaro a hannu su wuce wani. Lambatu a rufe shi da dal. Tudun rage gudu a gaban lakkwal da likita da kasuwa. Ɗan lungun da adaidaita za ta raɓe ta sauke fasinja. Gefe na keke da amalanke, kamar yadda wasu manyan titunan Wagadugu suke da hanyar keke da moto daban. Itatuwan da ke bakin hanya kuma a zana titin ya kauce musu.

Za ku ji masu cewa a faɗaɗa titi kawai, cunkoso zai ƙare. A Hustan ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, wani wurin har layi 26 in an haɗa da na gefe. Shekaru kaɗan bayan haka cunkoson safe da yamma ya dawo, domin sabon fili sababbin motoci yake kira. Legas a 2008 da Dakar a 2024 wata hanyar suka bi, suka ware wa bas layinsa shi kaɗai. Titi mai faɗi da santsi a tsakiyar gidaje kuwa gudu yake haifarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa ake ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa. Ni ba a takarda na koyi wannan ba. Watanni kaɗan bayan an shimfiɗa gudron a hanyar da ke kusa da mu, ɗan maƙwabcina mai shekara 8 ya fito sayen sukari. Gefen titi lambatu ne a buɗe, babu inda zai taka sai kan kwalta. Moto ta kwashe shi. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau yana jan ƙafar hagu, kuma ni na riƙe shi a bayan adaidaita har likita, jininsa a rigata. Bayan nan ne aka yi tudun rage gudu a wurin.

In an yi muku wurin tafiyar ƙafa, ku tsare shi. Cikin wata ɗaya mai faci zai ajiye kwampreso, mai katifa zai baje kaya, mai mota zai hau ya yi fakin. Kora ba ta aiki, domin su ma abinci suke nema, kuma zamansu ne ke sa titi ya zama da mutane da dare. Mu layi muka ja da fenti: daga nan zuwa bango na mai sana'a ne, daga nan zuwa titi na mai wucewa ne. Mai unguwa yakan zaga lokaci-lokaci da sandarsa ya tuna wa wanda ya manta.

Akwai abu ɗaya da nake so kwamitocin unguwanni su sa a gaba tun yanzu. A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi, mai tsawon kusan kilomita 284. Duk inda tashar jirgi ta zauna, gari zai bi ta, filayen kewayenta za su yi tsada, za a raba sababbin unguwanni cikin gaggawa. Ku tambayi meri ta wace hanya mai ƙafa da mai adaidaita za su isa can, kuma a ware filin tashar ƙananan motoci a pilan kafin a dasa born na farko.

Mu dai yanzu layi na biyu muke aunawa, wanda zai haɗa mu da unguwar da ke kudu da mu ba tare da an shiga tsakiyar gari ba, saboda ƴan sakandarenmu can suke karatu. Akwai wani kwazazzabo a tsakani da ke bukatar ƙaramar gada, shi ne bai bari mun fara ba. Mata sun gama zagayen gidaje, sun kawo takardu 84. Ranar Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, ƙarfe 6 da rabi ina bakin kwazazzabon da kaye da biro, zan ƙirga yaran da ke gangarawa ciki da ƙafa suna haurawa ɗaya gefen.